Tambaya da Amsa: In jirage biyar cikin shida suna wucewa, ina amfanin kawanyar teku a yaƙin basasar Amurka?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tarihi ne, muna karanta yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, an ce mana sojan ruwan gwamnatin tarayya sun yi wa tashoshin jiragen ruwan jihohin kudu kawanya kuma wai hakan na cikin abinda ya karya su. Amma kuma na gani a wani wuri an rubuta cewa cikin jirage shida da suka yi ƙoƙarin fasa kawanyar, biyar suna wucewa lafiya lau. To Malam in haka ne ina amfaninta? Sannan ni har yanzu ban gane yadda ake tsare teku ba tunda ba titi ba ne balle a sa shinge. Allah ya ƙara basira.

Amsa:

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, amin, Allah ya ba da sa'ar karatu. Wannan lissafin da ka gani ba ƙarya ba ne, haka masana tarihi suka ƙiyasta in an haɗa shekarun huɗu gaba ɗaya, a 1861 ma cikin goma tara ke wucewa, sai can wajen 1865 ne abin ya koma kusan ɗaya cikin biyu. Amma duk da haka ni ina tare da waɗanda suka ce kawanyar ta yi aiki, ta yi sosai ma, kuskuren kawai shine a tsaya ana ƙirga jiragen da suka tsallake a manta da tambayar wane irin jirgi ne ya tsallake, me ya ɗauko, kuma jirage nawa ne ko tasowa ba su yi ba saboda tsoro.

Jihohi 11 ne na kudu suka ɓalle, kuma tushen rigimar bauta ce, tattalin arzikinsu galibi a kan audugar da bayi baƙar fata ke nomawa ya tsaya. Kwanaki kaɗan bayan 'yan awaren sun buɗe wuta a kan sansanin Sumter da ke bakin Charleston, ranar 19 ga Afrilu 1861, shugaba Abraham Lincoln ya shelanta kawanyar, ranar 27 ga watan ya ƙara da Virginia da North Carolina. Gaɓar tekun da aka ce a tsare ta kai mil 3,500, daga Virginia a zagayo Florida har iyakar Meziko, da manyan tashoshi wajen 12 da ƙananan mashigai kusan 180 da ƙaramin jirgi zai iya laɓewa. Su kuma sojan ruwan a lokacin jirage 90 ne gaba ɗaya a takarda, 42 ne kacal ke bakin aiki, su ma yawancinsu suna can nesa, wasu a gaɓar Afirka suna sintirin masu fataucin bayi wasu a tekun Bahar Rum wasu a gabas mai nisa. Ga ɗaruruwan hafsoshi 'yan asalin kudu sun ajiye aiki sun koma gida. Kaga kenan a watannin farko suna ne kawai, ba abin mamaki ba ne tara cikin goma su wuce.

Akwai wata muhawara ta doka da aka yi a fadar Lincoln wadda ya kamata ka riƙe don malamanku na son tambayarta. Ministan sojan ruwa Gideon Welles so ya yi a ce kawai gwamnati ta rufe tashoshinta, tunda a wurinsa kudu ba wata ƙasa ba ce, 'yan tawaye ne. Amma rufe tasha dokar cikin gida ce, ba ta ba ka ikon tare jirgin Ingila a tsakiyar teku ka bincike shi, kawanya kuwa a dokar ƙasa da ƙasa ta ba ka wannan ikon, sai dai ita kuma tsakanin ɓangarori biyu masu yaƙi ake yinta, wato da ka shelanta ta ka amsa cewa abokin faɗanka ɓangare ne a yaƙi. Ministan waje William Seward ya ce a ɗauki ta biyun, Lincoln ya bi shi, kuma nan da nan a watan Mayu Ingila ta fito ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce, ta ba 'yan kudu matsayin masu yaƙi amma ba ta amince da su a matsayin ƙasa ba. Sannan yarjejeniyar Paris ta 1856 ta ce kawanya ba ta hawa kan kowa sai in da gaske akwai ƙarfin da ke hana shiga, shi ya sa wakilan kudu a Turai suka riƙa yawo da jerin sunayen jiragen da suka wuce suna cewa ku duba wannan kawanyar takarda ce, wato irin hujjar da ka kawo ɗin nan tun a lokacin aka fara kafa ta. A Fabrairun 1862 ministan wajen Ingila Lord Russell ya ce a'a, muddin akwai jirage a bakin tasha da ke sa shiga ta zama haɗari a fili to kawanya ta tabbata ko da wasu na sulalewa. Ba don son Lincoln suka faɗi haka ba, a lokacin Ingila ce ke da rundunar ruwa mafi girma a duniya, ta san gobe ita za ta yi wa wani kawanya, ba za ta kafa wa kanta doka mai tsauri ba. Sau ɗaya dai aka kusa gwabzawa, a Nuwamban 1861 da kyaftin Charles Wilkes ya tare jirgin wasiƙun Ingila mai suna Trent ya sauke wakilan kudu biyu, Mason da Slidell, Landan ta fusata har ta tura sojoji Kanada, Lincoln ya ga ba zai iya yaƙi biyu lokaci guda ba ya sake su.

Toh yaya ake tsare teku? Ba a tsare teku, bakin tasha ake tsarewa, don duk faɗin ruwa jirgi mai kaya dole ya dawo ta wata 'yar siririyar hanya mai zurfi tsakanin tudun yashi kafin ya shiga kogi ko tasha, kuma kayan da ya sauke ba su da amfani in ba layin dogo a wurin da zai kwashe su. Wannan ya rage aikin zuwa garuruwa ƙalilan: Norfolk, Wilmington, Charleston, Savannah, Mobile, New Orleans, Galveston. Welles da mataimakinsa Gustavus Fox suka shiga sayen duk abinda ke yawo a kan ruwa wanda za a iya ɗora wa igwa, jiragen 'yan kasuwa, har da jiragen fito na New York, suka kuma ba da kwangilar ƙera sababbi cikin gaggawa. Zuwa Disamban 1861 suna da 264, zuwa ƙarshen 1864 sun kai 671 da ma'aikata sama da 51,000, aka raba su runduna huɗu, biyu a tekun Atlantika biyu a mashigin Meziko. Cikin matuƙan da suka yi aiki a duk tsawon yaƙin wajen 18,000 baƙar fata ne, da yawansu bayi ne da suka gudo suka hau jiragen, kuma su ne suka san lungunan ruwan. Ka nemi labarin Robert Smalls, bawa ne matuƙi a Charleston, daren 13 ga Mayu 1862 ya ɗauke jirgin sojan kudu mai suna Planter da iyalinsa da na abokan aikinsa, ya busa usur ɗin da aka saba a gaban sansanonin ya wuce, ya miƙa jirgin ga masu kawanya tare da bayanin inda aka dasa nakiyoyi.

Babbar matsalar da mutane ba sa tunawa ita ce kwal. Jirgi mai injin tururi ba ya zama a bakin aiki in ba wuta a tukunya, in ya ƙone kwal ɗinsa kuma sai ya yi tafiyar ɗaruruwan mil ya ɗebo, kafin ya dawo ƙofa a buɗe take. Shi ya sa kwamitin da aka kafa a tsakiyar 1861, wanda Samuel Du Pont ya jagoranta tare da Alexander Bache shugaban masu auna gaɓar teku, ya ce dole a kama wurare a cikin gaɓar kudun kanta a mai da su ma'ajiyar kwal da wurin gyara. Aka kama mashigin Hatteras a Agusta, aka kama Port Royal ranar 7 ga Nuwamba 1861, tsakanin Charleston da Savannah, daga nan ne kawanyar ta fara zama abin gaske.

Kuma a daidai wannan lokacin da ƙofa ke buɗe ne 'yan kudu suka yi wa kansu illar da ni a ganina ta fi kowace girma. Fiye da kashi uku cikin huɗu na audugar da masaƙun Ingila ke saƙawa daga wurinsu take zuwa, sai suka ɗauka in suka riƙe audugar yunwa za ta tilasta wa Ingila da Faransa shigowa yaƙin a ɓangarensu. Da hannunsu suka hana fitar da amfanin 1861, wasu har ƙonawa suka yi. Ashe rumbunan Liverpool a cike suke da rarar shekarun baya, kafin ƙarancin ya cije su sosai a 1862, lokacin da dubban ɗaruruwan ma'aikatan masaƙun Lancashire suka rasa aiki, an riga an fara juyawa ga audugar Indiya da Masar. Audugar da ya kamata a ce ta tafi Turai ta zama kuɗin sayen makamai da jirage ta zauna a gida, da suka farga suna son fitarwa ƙofa ta riga ta ƙuntata.

Yanzu ga yadda fasa-ƙwaurin yake, don nan ne amsar tambayarka take. Manyan jiragen kaya ba sa tunkarar kudu kai tsaye, daga Ingila sai su sauke a Nassau ta tsibiran Bahamas ko a Bermuda, a lokacin duk yankunan Ingila ne, ko a Havana ta Kyuba, daga nan sai a loda wa wasu jirage na musamman da aka ƙera a bakin kogin Clyde da Liverpool don wannan aikin kaɗai. Dogaye ne sirara, ba sa nutsewa sosai cikin ruwa, gajeru ne daga sama, an shafe su da fenti ruwan toka yadda da dare ko a hazo ba ka bambanta su da ruwa, wasu ma bututun hayaƙinsu ana iya sauke shi, suna ƙona kwal ɗin Wales marar hayaƙi sosai, kuma sun fi yawancin jiragen kawanyar gudu. Daga Nassau zuwa Wilmington kusan mil 570 ne, tafiyar kwana biyu zuwa uku, ana tsara tashi yadda za a iso a daren da ba farin wata kuma a lokacin da ruwa ya cika.

Ɗauki Wilmington, wadda ta fi ko'ina ba su wahala. Kogin Cape Fear yana da baki biyu, tsohon mashigi da sabo, tsakaninsu tsibiri ne da dogon tudun yashi da ya miƙe cikin teku, wanda ke cikin kogi mil kaɗan ne tsakanin bakunan biyu zai zaɓi wanda ya ga dama, amma mai tsaro a waje sai ya zagaya wajen mil 40 ko fiye kafin ya je ɗaya ɓangaren, dole aka ajiye rukuni biyu. Mai shigowa ta sabon mashigi ba ya zuwa kai tsaye, sai ya nufi gaɓa can arewa da wurin, ya manne da bakin ruwa inda igiyar ruwa ke fashewa don ƙarar ta rufe ƙarar injinsa duhun gaɓa kuma ya ɓoye shi, a kashe duk fitilu, a lulluɓe na'urar nuna alƙibla a bar 'yar kafa, ma'aikata su sa kaya masu launin toka, ba mai kunna taba, mai auna zurfin ruwa da igiya da dalma yana raɗa wa ɗan jagora adadin a kunne, ko zakara ba a ɗauka a jirgin don kar ya yi cara. Haka za a lallaɓa har a hango fitilar da ke kan tudun sansanin Fisher na 'yan kudu mai tsaron mashigin, in an gan su a wannan taƙin sai a buɗe wuta a guje, in injin na neman ƙarin zafi akwai kyaftin ɗin da ya jiƙa auduga da man itacen fir ya cusa a tukunya. Da sun shiga inuwar igwogin sansanin shikenan sun tsira. Kuma ba sa ɗaukar makami ko harbi ɗaya, don in suka rama sun zama 'yan fashin teku a doka, hukuncinsu rataya, in kuwa ba su rama ba aka kama su, jirgi da kaya ne za a ƙwace, Turawan Ingila da ke ciki a sake su bayan ɗan lokaci, wasu su koma Nassau su hau wani jirgin.

Su kuma masu tsaron rayuwarsu ba daɗi, wata da watanni a wuri ɗaya jirgi na ta lilo, zafi, abinci ɗaya kullum, ba ka ganin komai sai yashi da ruwa. Da dare ƙananan jirage su matsa kusa da bakin mashigi, kafin asuba su ja baya kar igwar sansani ta same su, bayansu akwai layi na biyu, can waje kuma masu gudu suna sintiri a hanyar Nassau da Bermuda don su hango hayaƙi da wayewar gari, kuma da yawa a can ake kama su ba a bakin tasha ba. Wanda ya fara ganin inuwa sai ya saki sarƙar anga ya harba roka ta inda jirgin ya nufa don sauran su bi, 'yan fasa-ƙwaurin ma suka sayi irin rokar suna harbawa ta wani gefen daban su ruɗa su. Abinda ke riƙe da mutane a wannan aikin shine ganima, jirgin da aka kama ana kai shi kotu a New York ko Boston ko Philadelphia ko Key West, in kotu ta tabbatar a yi gwanjonsa, rabi na gwamnati rabi a raba wa waɗanda suka kama, manya su kwashi kaso mai tsoka, Admiral Samuel Phillips Lee da ya riƙe rundunar da ke gaban Wilmington ya tashi da sama da dala 100,000. Jiragen masu kyau kuma gwamnati ta saye su ta ɗora musu igwa ta mai da su masu farautar 'yan uwansu. Jimilla an kama ko an lalata jirage wajen 1,500.

To ka lura da abinda ya faru a nan. Duk abinda ya sa jirgin nan ya iya wucewa, sirantaka da rashin nauyi da manyan injina da tulin kwal, shi ne ya hana shi ɗaukar kaya masu yawa. Kamar a hana tireloli shiga gari ne a bar 'yan babur suna bi ta daji da dare, ko da biyar cikin shida na isowa ba za ka ce kasuwar garin na nan yadda take ba. A shekaru huɗu kafin yaƙin jirage wajen 20,000 ne suka shiga suka fita tashoshin kudu, a shekaru huɗun yaƙin tafiye-tafiyen da suka yi nasara wajen 8,000 ne, kuma mafi yawansu ƙananan kwale-kwale ne masu bin gaɓa. A auduga abin ya fi fitowa fili: wajen dila miliyan 10 suka fitar a shekaru uku na ƙarshe kafin yaƙi, amma a shekaru ukun ƙarshe na yaƙin abinda ya fita ta cikin kawanyar wajen dila 500,000 ne. Farashi ya yi tashin gwauron zabi a waje, amma ribar ba aljihun gwamnatin kudu ta shiga ba, masu jirage da dillalan Nassau da Liverpool ne suka kwashe, kyaftin ɗaya na iya karɓar dala 5,000 na zinari a zuwa da dawowa ɗaya, ana cewa in jirgi ya yi sawu biyu lafiya ya mai da kuɗinsa ko an kama shi a na uku.

Kuma ɗan kasuwa abinda zai ba shi riba yake lodawa. Wuri kaɗan ne a jirgin, kaya marar nauyi mai tsada shi ya fi, siliki, giya, turare, kayan ƙawa na masu kuɗi, alhali abinda ƙasar ke mutuwa a kansa masu nauyi ne masu arha, ƙarfen layin dogo, injina, gishiri. Sai a Fabrairun 1864 gwamnatin shugaban kudu Jefferson Davis ta yi dokar hana shigo da kayan alatu ta kuma ce rabin wurin kaya nata ne, shekara uku da fara yaƙi, an makara. Gishirin nan kar ka raina shi, a zamanin da ba firji da shi ake adana naman da sojoji za su ci da shi ake gyaran fata, kafin yaƙi yawancinsa daga waje yake zuwa a cikin jiragen da ke zuwa ɗaukar auduga, buhun da ake saye dala 2 ya kai dala 60 a wasu wurare kafin ƙarshen 1862, da mutane suka koma dafa ruwan teku a gaɓar Florida jiragen kawanya suka riƙa sauke sojoji suna fasa tukwanen. Maganin zazzaɓin cizon sauro ya yi wuya, kofi ya ɓace. Ranar 2 ga Afrilu 1863 mata suka fito a Richmond, babban birninsu, suka fasa shaguna saboda yunwa. Wannan ɓangaren yana damuna duk lokacin da na karanta shi, don ba masu gonakin da suka jawo yaƙin ne suka fara jin jiki ba, matan talakawan sojoji ne da yara da kuma bayin da dama can su ne ƙarshen layi wurin rabon abinci da sutura.

Akwai kuma wata illa da ba ta shiga lissafin biyar cikin shida kwata-kwata. Kafin yaƙi yawancin kayan da ke yawo tsakanin jihohin kudu su kansu ta ruwa suke bi, sukarin Louisiana, shinkafar Carolina, shanun Texas. Kawanya ta kashe wannan zirga-zirgar, komai ya koma kan layin dogo wanda dama ba shi da ƙarfi, faɗin layukan ma ba ɗaya ba ne, ga ba ƙarfen gyara. Da Vicksburg ta faɗi ranar 4 ga Yuli 1863 ba da daɗewa ba kogin Mississippi ya koma hannun tarayya, aka raba kudun biyu. Shi ya sa za ka ga abinci na ruɓewa a wata jiha sojojin kudu na Janar Robert Lee na kwana da yunwa a Virginia. Ita Texas ta samu mafita ta Matamoros, garin Meziko ne a tsallaken kogin Rio Grande ba a da ikon yi masa kawanya, amma sai an jawo auduga a keken shanu ɗaruruwan mil, kuma abinda ya shigo ta nan da wuya ya isa gabas inda ake babban yaƙin.

Sai dai in yi adalci ga masu irin ra'ayinka, a wurin makamai kawanyar ba ta yi abinda aka so ba. Aƙalla bindigogi 400,000 sun shigo ta wannan hanyar, da dalma da sinadarin haɗa albarushi da takalma da barguna, a ƙarshen yaƙin har da nama, kuma ba wani babban fagen daga da za a ce kudu ta rasa shi don ba bindiga ko harsashi. Ba don 'yan fasa-ƙwaurin ba da yaƙin bai kai shekara huɗu ba. Wannan gaskiya ne kuma ka rubuta shi a jarabawa in an tambaye ka.

Su ma 'yan kudun sun san abin na shaƙe su, shi ya sa ministan ruwansu Stephen Mallory ya zuba ɗan abinda yake da shi a kan sababbin dabaru. Suka tono jirgin Merrimack da aka ƙona a Norfolk suka yi masa sulken ƙarfe suka sa masa suna Virginia, ranar 8 ga Maris 1862 ya far wa jiragen tarayya a Hampton Roads ya nutsar da Cumberland ya ƙone Congress, washegari jirgin sulken tarayya Monitor, ƙirar John Ericsson, mai hasumiyar igwa mai juyawa ya tare shi, aka yi sa'o'i ana dukan juna ba wanda ya fasa wani, amma kawanyar ba ta ɗaga ba, bayan wata biyu su da kansu suka tarwatsa Virginia da za su bar Norfolk. Jirgin ƙarƙashin ruwa Hunley, wanda mutane ke murza shi da hannu kuma ya riga ya kashe ma'aikatansa sau biyu a gwaji, ya nutsar da jirgin kawanya Housatonic a bakin Charleston ranar 17 ga Fabrairu 1864, shi ma bai dawo ba da mutum takwas ɗin da ke ciki. Sai masu farautar jiragen kasuwan arewa, wato ɓangaren tarayya, a manyan tekuna, babbansu Alabama da aka ƙera a Birkenhead, kyaftin Raphael Semmes ya kama ko ya ƙone jirage sama da 60 har Cape Town ya je, kafin jirgin tarayya Kearsarge ya nutsar da shi a bakin Cherbourg ta Faransa ranar 19 ga Yuni 1864. Sun yi ɓarna ƙwarai, kuɗin inshora ya hau masu jirage suka koma ƙarƙashin tutar Ingila, daga baya ma a 1872 sai da aka yanke wa Ingila hukuncin biyan Amurka diyyar dala miliyan 15.5, amma burin shine a janye jirage daga bakin tashoshi su tafi bin su, Welles kuwa ya ƙi sassauta kawanyar.

Abinda ya rufe ƙofofin a ƙarshe kuwa ba sintiri ba ne, kama tashoshin ne ɗaya bayan ɗaya. Sansanin Pulaski ya faɗi a Afrilun 1862 Savannah ta toshe. A wannan watan David Farragut, shi kansa haifaffen kudu ne da ya tsaya da tarayya, ya ratsa tsakanin sansanonin Jackson da St. Philip da tsakar dare ranar 24 ga wata ya karɓi New Orleans, birni mafi girma kuma babbar tashar audugar kudu. Charleston ta gagara, jiragen sulken Du Pont sun sha kashi a can a Afrilun 1863. Ranar 5 ga Agusta 1864 Farragut ya kutsa mashigin Mobile duk da nakiyar da ta nutsar da jirgin Tecumseh da yawancin mutanensa a gaban idonsa. Ya rage Wilmington, wadda layin dogonta ke ciyar da rundunar Lee, har Lee ya aika wa Kanar William Lamb mai riƙe da sansanin Fisher cewa in wurin ya faɗi ba zai iya ciyar da sojojinsa ba. Sansanin da yashi da ƙasa aka gina shi, harsashin igwa nutsewa yake a ciki maimakon ya rushe shi, harin farko a Disamban 1864 ya watse, har jirgi cike da albarushi aka tayar a kusa da shi bai yi komai ba. A Janairu Admiral David Porter ya dawo da jiragen yaƙi kusan 60 tare da sojan ƙasa na Janar Alfred Terry, aka yi kwana biyu ana ruwan wuta, ranar 15 ga Janairu 1865 aka shiga aka yi ta faɗa tudu bayan tudu har dare kafin ya faɗi. Sojan ruwan suka bar fitilun jagora a kunne kamar yadda aka saba, bayan 'yan kwanaki jiragen Stag da Charlotte suka shigo daga Bermuda ba su da labari, suka jefa anga a hannun masu kama su. Charleston aka bar ta a Fabrairu, Wilmington ta faɗi ranar 22 ga watan, Lee ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu. Galveston ce kaɗai ta rage ana shiga daga Havana har zuwa farkon Yuni, sannan ranar 23 ga Yuni 1865 shugaba Andrew Johnson ya ɗage kawanyar a hukumance.